Tsoron da Ake Saya da Kuɗi: Yini Guda a Europa-Park

Hausa ba ta riga ta raɗa wa abin suna ba, don haka ni jirgin lilo nake ce masa. Jirgi ne, tunda yana da taragu kuma yana bin dogo. Lilo ne, tunda aikinsa ya ɗaga mutum sama ya sako shi, ya bar masa hanji a baya. Faransawa suna kiransa "duwatsun Rasha", domin asalinsa tudun katako ne da Rashawa ke kafawa tun ƙarni na 17, su kwarara masa ruwa ya daskare, su hau su sulalo. Da abin ya koma wa Rashawan da taya da dogo, sai su kuma suka ce masa "duwatsun Amurka". Kowa dai ya ɗora wa wani haukar.

Ina cikin masu wannan hauka, kuma muna da yawa a duniya. Al'adarmu ɗaya ce: ƙirga. Duk sabon jirgin da mutum ya hau sai ya rubuta shi, da sunan kamfanin da ya ƙera shi, da kujerar da ya zauna, da abin da jikinsa ya ji. Akwai waɗanda lissafinsu ya wuce dubu. Nawa bai kai hamsin ba, amma kowanne na san inda ya fi daɗi da inda ya yi sanyi.

Europa-Park yana wani ƙauye mai suna Rust a kudu maso yammacin Jamus, kusa da kogin Rhin, tsakanin Offenburg da Freiburg. Iyalan Mack ne suka buɗe shi a 1975. Sana'ar gidansu ta faro ne a 1780 a garin Waldkirch, da ƙera amalanke da keken doki, daga baya suka koma ƙera kayan wasa na ƴan yawon biki. Sun gina filin ne don masu saye su zo su ga kayansu suna aiki, sai wurin baje kolin ya zama babbar kasuwa da kansa. An raba shi unguwa-unguwa, yawancinsu kowace da sunan wata ƙasar Turai da irin gininta da abincinta. Jiragen lilo 14 ne a ciki, kuma galibinsu ƙirar gidan Mack ne.

Daga Strasbourg muka tashi da sassafe a watan Satumba, ni da wani yayana da ya zo mini ziyara daga Maraɗi. Jirgin ƙasa zuwa Offenburg, wani zuwa Ringsheim, sannan bas ta ƙarasa da mu Rust. Yaya bakanike ne, shekara talatin yana kwance ƙarƙashin motocin mutane. Da ya ga kuɗin tikiti, wanda ya haura yuro 60, sai ya yi shiru yana lissafi, ya ce: "Jaka arba'in ke nan na sefa. Ƙanina, mutane suna biyan kuɗi a raba su da tsoro, kai kuma ka biya a sa maka shi?" Ya ce zai shiga ya riƙe mini jaka, amma ƙafarsa ba za ta taka abin da ba shi da direba ba.

Da Silver Star na fara, don shi ake hangowa tun daga hanya. An buɗe shi a 2002, ƙirar kamfanin Bolliger & Mabillard na ƙasar Suwizalan. Tsawonsa mita 73. Hasumiyar masallacin Agadas mita 27 ce, to a ɗora ta sau biyu a ƙara rabi, har yanzu ba a kai ƙolinsa ba. Mutum 36 yake ɗauka, huɗu-huɗu a jere, kuma ba abin da ke riƙe da kai sai ƙarfe ɗaya da ke danne cinya. Kafaɗa sake, hannu sake, ƙafa tana reto.

Hawan shi ne rabin labarin. Sarƙa tana jan ku a hankali, ƙasa tana ja da baya, motocin da aka ajiye a fili suna zama kamar kwalin ashana. Ta gefe ɗaya tsaunukan Baƙin Daji na Jamus, ta ɗaya gefen tsaunukan Vosges na Faransa. Surutun tarago yakan ragu a nan. Wanda ya yi ta cika baki a layi za ka ji ya koma salati, ko abin da ya yi kama da shi a harshensu. Sai gangara. Duk wanda ya taɓa hawa raƙumi ya san lokacin da yake miƙewa da ƙafafun baya, ya tunkuɗa ka gaba har ka ga kamar za ka sha ƙasa. To haka ne, sai dai wannan raƙumin ba ya tsayawa sai ya kai gudun kilomita 127 a awa. A gindin gangaren nauyin jikinka yakan ninka kusan sau huɗu, ka ji an danna ka cikin kujera, ko hannu ba ya ɗaguwa da sauƙi.

Daga nan sai tudu bayan tudu, waɗanda masu ƙira ke kira tozon raƙumi. A kan kowane tozo jikinka yakan tashi daga kujera, ya tsaya a iska na ɗan lokaci, ƙarfen cinya ne kaɗai ke tuna maka cewa kana cikin jirgi. Wannan tashin shi muke nema. Kun san yadda ciki ke yi in mota ta haye wani ɗan tudu da gudu? Shi ne, amma an ja shi ya yi tsawo, an kuma maimaita. Akwai birki a wasu tuddan da ke ɗan rage gudu, wanda wasu abokan haukata ba sa so. Ni ban damu ba, domin Silver Star jirgi ne mai natsuwa, kamar dattijon doki da ya san hawan Sallah. Na hau shi sau biyu, gaba da baya, kuma baya ta fi. Dalili kuwa shi ne, tarago na gaba yakan leƙa gangare ya jira sauran su hayo, na baya kuwa ƴan uwansa sun riga sun yi nauyi a ƙasa, sai su fizgo shi ta kan tudun. Na gaba yana da kallo, na baya yana da fizga.

Unguwar Aislan na nufa bayan nan, inda jirage biyu suka sarƙe da juna. Blue Fire, na 2009, ba shi da sarƙa. Tarago yakan bi ta wani ɗaki mai duhu a hankali, ya tsaya, ƙofa ta buɗe, sai a harba ku kamar dutse daga majajjawa: daga tsaye zuwa kilomita 100 a awa cikin daƙiƙa biyu da rabi. Maganaɗisu ne ke yin aikin. An jera naɗaɗɗun wayoyi a tsakiyar dogo, ana kunna su ɗaya bayan ɗaya, kowanne ya jawo tarago ya miƙa wa na gaba. Ba ƙara, ba hayaƙi, sai dai ka ji kuncinka ya koma wajen kunne. Sau huɗu yake kifa mutum, kai ƙasa ƙafa sama. Na farko babbar da'ira ce, kuma wanda ya lura zai ga ba zagaye take sak ba, ta fi kama da ɗigon hawaye da aka juya. Da'ira zagayayya takan matse wuya da ƙarfi a wajen shiga, shi ya sa aka daina yin ta. Wani injiniya Bajamushe, Werner Stengel, shi ya fito da wannan siffa a shekarun 1970, har yau kuma ita ake bi. Amma abin da ya fi burge ni a Blue Fire shi ne juyi na ƙarshe, dab da ƙasa, lokacin da kowa ya ɗauka an gama. A hankali yake murɗa ka, kana rataye a kan ƙarfen cinya, kana kallon ruwa da duwatsu a saman kanka.

Maƙwabcinsa Wodan na katako ne, an buɗe shi a 2012, ƙirar wani kamfanin Amurka mai suna Great Coasters International. Mita 40 ne tsawonsa, gudunsa kilomita 100 a awa. A takarda bai kai Silver Star ba, a jiki kuwa ya fi shi tayar da hankali. Katako yana da rai. Yana lanƙwasa, yana ƙara, yana amsa zafi da sanyi, shi ya sa hawan safe da na yamma ba sa zama ɗaya. Tarago yana kutsawa ta tsakanin ginshiƙai har ka sunkuyar da kai ba ka sani ba, ya ratsa ta cikin tashar da wasu ke jira da ƙarar da ke girgiza rufi, ya yi dama, ya yi hagu, ba ya ba ka sararin haɗiye yawu. In Silver Star algaita ce mai jan sauti, Wodan kalangu ne a hannun saurayi. Na sauko idona yana hawaye saboda iska, ina dariya ni kaɗai.

Ban tarar da Yaya inda na bar shi ba. Can na hango shi jikin shinge kusa da inda Blue Fire ke wucewa ƙasa-ƙasa, ya karkata kai yana leƙen ƙarƙashin tarago. Da na iso ya ce: "Taya uku-uku ne. Ɗaya a sama, ɗaya a gefe, ɗaya a ƙasa. Ashe ba kan dogon yake zaune ba, riƙe shi ya yi." Gaskiyarsa. Tayar ƙasan nan wani Ba'amurke ne, John Miller, ya yi mata rajista a 1919, kuma ita ta ba masu ƙira damar yin gangare mai tsanani ba tare da jirgi ya tashi daga dogo ba.

Muka samu wani lungu mai ciyawa muka haɗa Azahar da La'asar, sannan muka nufi FoodLoop, gidan abincin da babu mai kawo maka faranti: ka zaɓa a allo, sai tukunya a rufe ta sulalo ta kan ƙaramin dogo daga sama, ta yi ƴan juye-juyenta, ta tsaya a teburinka. Mun tsaya a kan abin da ba nama. A nan muka buɗe muhawarar da ta biyo mu tun daga ƙofa.

Yaya ya ce shi abin da bai gane ba, Allah ya ba mutum rai lafiya lau, ya ɗauka ya kai inda za a wulwula shi. Ya ce rai amana ne, ba a wasa da shi. Na ce: "Yaya, na yarda rai amana ne. Amma ka faɗa mini, sau nawa muka hau kabu-kabu mu uku ba hular kwano? Sau nawa muka shiga motar da kai da kanka ka san birkinta sai an taka sau uku?" Ya ce wannan dole ce, wancan kuwa ganin dama. Na ce to dolen ba ta rage haɗarin, sabo ne kawai ya cire mana tsoron. A nan kuma an bar tsoron, haɗarin aka yi ta sassaƙewa har ya zama ɗan kaɗan.

Sai na bayyana masa abin da ya sa ba a buƙatar direba. An yanka dogon gida-gida, kuma doka ita ce jirgi biyu ba sa zama gida ɗaya. Na'urori suna sanar da kwamfuta inda kowanne yake. In na gaba bai fita daga gidansa ba, na baya ba zai shiga ba, za a tsayar da shi a birki ko a kan sarƙa. Birkin kansa a rufe yake zama, sai an sa ƙarfi ake buɗe shi, don haka in wuta ta ɗauke, kamawa yake yi. Wasu birkin ma maganaɗisu ne zalla, ba sa taɓa komai, ba sa cinyewa, ba sa neman lantarki. Ƙarar "ƙas-ƙas-ƙas" da ake ji a wajen hawan wasu jiragen, wani haƙorin ƙarfe ne ke bin tsani, ko sarƙa ta tsinke jirgi ba zai koma baya ba. Kowace safiya kafin a buɗe ƙofa ana duba dogo da tayoyi, a saki jirgi ba kowa ya zagaya. A Jamus kuma akwai masu bincike na waje, irin su TÜV, da ke zuwa su duba.

Ban ɓoye masa cewa ana samun haɗari ba. A watan Yuni na 2015, a filin Alton Towers na Ingila, wani jirgi mai ɗauke da mutane ya daki wani marar kowa da ya tsaya a kan dogo, har aka yanke wa ƴan mata biyu ƙafa. Bincike ya nuna kwamfuta ta yi aikinta, ta tsayar da jirgin. Mutane ne suka ɗauka kuskure ta yi, suka danne umarninta. Kotu ta ci kamfanin tarar fam miliyan 5. Yaya ya ajiye cokali ya ce wannan ya san shi sarai: fitila ta kama a gaban direba, maimakon ya tsaya, sai ya ce a cire masa ƙwan fitilar.

Abin da ke kai ni waɗannan wurare ke nan, ko da yake ban iya faɗa masa da kyau a teburin ba. Yawancin tsoron da na sani a rayuwa ba ya zuwa da wa'adi. Tsoron hanya, tsoron ciwo, tsoron kiran waya da tsakar dare daga gida, babu wanda ke gaya maka yaushe zai ƙare. Wannan kuwa na minti uku ne, ni na shiga layinsa da ƙafata, kuma a bayansa akwai mutanen da ban sani ba, da suka tashi tun asuba suka ɗaure kowane noti. In ƙarfen cinya ya sauka, ba sauran abin da zan iya yi, ba kuma abin da ake jira in yi. Ga mutumin da ke ɗauke da lissafin gida biyu a ka, wannan hutu ne.

Na ajiye Voltron Nevera sai yamma. Shi ne sabo, an buɗe shi a watan Afrilu na 2024 a unguwar Kuroshiya, an kuma gina labarinsa a kan Nikola Tesla, masanin lantarkin da aka haifa a 1856 a ƙauyen Smiljan. Layinsa ya fi na kowa tsawo, na yi kusan awa guda. Tsawonsa bai kai rabin Silver Star ba, amma dogonsa mita 1,385 ne, kuma sau bakwai yake kifa mutum. Harbin farko ma ba a miƙe yake ba: sama yake tura ku, ya wuce tsaye har ya kwanta baya, a kusurwa mai digiri 105, ka tarar da kanka a kife tun ba ka gama gyara zama ba. Daga nan ban ƙara sanin ina ne gabas ba. A tsakiyar tafiya jirgi yakan shiga wani ɗaki ya tsaya, dogon da ke ƙarƙashinsa ya juya da shi, a harba ku da baya, sannan a sake harba ku gaba. Tashin kujerarsa ba irin na Silver Star ba ne mai lallashi; wannan fizge ka yake yi kamar an zare tabarma daga ƙarƙashinka. Na zauna a kujerar gefe, wadda ba ta da daɓe, kuma ita nake ba kowa shawara in zuciyarsa za ta ɗauka. Da na sauko sai da na zauna minti biyar kafin ƙafafuna su yarda da ƙasa.

Sauran na bi su da sauri. Euro-Mir, na 1997, taragunsa suna juyawa a kan kansu, kuma hawansa a cikin hasumiya yake, ana zagayawa cikin duhu da kiɗa. A wajen layi akwai ainihin ɗakin da ƴan sama jannatin Rasha suka yi atisaye a ciki don tashar Mir. Eurosat yana cikin wata ƙatuwar ƙwallo mai launin azurfa, duk tafiyar a duhu. Poseidon rabinsa jirgi rabinsa kwalekwale, ya jiƙa ni har cikin takalmi. Mai hajijiya ya kiyayi Euro-Mir bayan cin abinci.

In za a tambaye ni jeri, Voltron ne na ɗaya don ƙirƙira, Wodan na biyu, Silver Star na uku, Blue Fire na huɗu. Amma in aka ce jirgi ɗaya zan yi ta hawa har yamma, Silver Star zan zaɓa, a layin baya. Wanda bai taɓa hawa ba ya fara da Blue Fire: yana da ban tsoro a ido, amma santsi gare shi kamar man shanu. A je ranar aiki, ba Asabar ko Lahadi ba, a iso kafin ƙarfe tara, a fara da manya tun layi bai yi tsawo ba. A zuba waya da tabarau a ma'ajiya. Abin da ya fita daga aljihu a gudun kilomita 100 jifa ne ga na baya. A jingina kai da kujera kafin harbi, a buɗe ido, domin rufe shi ke kawo jiri. Mai ciwon zuciya, ko baya, ko mai juna biyu, allunan gargaɗin da ke bakin layi dominsu aka kafa.

Yaya bai hau ko ɗaya daga cikin manyan ba, kuma bai janye maganarsa a kan jaka arba'in ba. Ya dai hau ƙaramin jirgin ƙasa da ke zagaya filin, sau biyu. Sauran yinin ya yi shi ne a bakin tashoshi, yana kallon ma'aikata suna bin kujera ɗaya-ɗaya suna jan ƙarfen cinya da hannu, jirgi bayan jirgi. Ya ce ya ƙirga wata yarinya ta yi haka fiye da sau ɗari, bai ga ta tsallake kujera ko ɗaya ba, har wadda ba kowa a kai. Ya ce in ya koma gareji zai ba yaransa labarinta.